Horon Sanin Makamar Aiki a Ma'aikatun Gwamnati

Horon sanin makamar aiki a ma'aikatun gwamnati tsari ne da ke ba ɗalibin jami'a damar zama na ɗan lokaci a wata ma'aikata, majalisa ko ofishin jakadanci, yana aiki a ƙarƙashin gogaggen jami'i. Yakan ɗauki 'yan makonni zuwa wata shida, ko dai a lokacin dogon hutu ko a matsayin wani zango na karatu. Ana ba ɗalibin wurin zama da katin shiga, amma ba ya sa hannu a madadin hukuma. Asalin tsarin daga asibitoci ne, inda sabon likita kan zauna a hannun manya kafin a sakar masa mara.

Kowace ƙasa da salonta. A Amurka, Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan umarnin da ya kafa shirin Pathways na horar da ɗalibai a ma'aikatun gwamnatin tarayya a Disambar 2010, shirin ya fara aiki a 2012; ɗalibin da ya cika sa'o'in da aka ƙayyade ana iya ɗaukarsa aikin dindindin ba tare da ya shiga gasar neman gurbi ba. A Najeriya, asusun horar da ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro shirin horar da ɗalibai a wuraren aiki mai suna SIWES a 1973, inda ɗaliban kimiyya, injiniya, noma da makamantansu ke zuwa kamfanoni da hukumomin gwamnati. Hukumar Tarayyar Turai tana karɓar masu digiri sau biyu a shekara, a Maris da Oktoba, na wata biyar biyar.

Babban amfanin horon shi ne ganin yadda shawara ke zama hukunci. A aji ana karanta manufofin gwamnati a kammale, tsaf. A ofis kuwa takarda ce za ta shigo, a buga mata hatimi da kwanan wata, a sa ta a fayil, ta yi ta hawa daga wannan jami'i zuwa na sama da shi, kowa na rubuta ra'ayinsa, har ta isa ga mai ikon cewa "an amince". Wani lokacin a ofishin kasafi take maƙalewa, domin ba a ware mata kuɗi ba. Wani lokacin lauyan ma'aikata ne zai dawo da ita saboda kalma guda. Wanda ya bi fayil ɗaya daga farko zuwa ƙarshe yakan gane inda jinkiri yake da dalili, da inda sakaci ne kawai.

Sai rubutu. Ɗalibi zai kawo daftarin amsar wasiƙa mai shafi biyu, yana jin ya burge, ta dawo masa da jan biro ta ko'ina, an mayar da ita layi shida. Haka ma rubuta bayanin taro: ba duk abin da aka faɗa ake so ba, sai abin da aka yanke, da wanda zai aiwatar, da ranar da za a tambaye shi. Akwai kuma riƙe sirri, wanda wasu hukumomin sai sun binciki tarihin ɗalibi kafin su buɗe masa ƙofa. Takardar shaida daga jami'in da ya ga aikin mutum da idonsa ita ma tana da nauyi wajen neman aiki. Wasu kuma abin da suke tsinta shi ne aikin gwamnati bai dace da su ba, kuma gara a gane haka a wata uku da a gane bayan shekara goma.

Duk wannan ya rataya ne a kan mai kula da ɗalibin. Inda ba a tanadar masa aiki ba, horon kan ƙare a kwafin takardu da aike.

Batun biya ya fi komai jawo suka. Manyan ma'aikatu suna babban birni, inda haya da sufuri ke da tsada, don haka horon da ba alawus sai ɗan mai hali ke iya zamansa, alhali daga nan ake samun hanyar shiga aikin gwamnati. Majalisar Dokokin Amurka ta ware kuɗin biyan ɗaliban da ke ofisoshin 'yan majalisa a 2018, Fadar White House kuma ta fara biyan nata a 2022.