Hasumiyar Bell Rock mai fitilar gargaɗin jiragen ruwa: yadda aka yi gini a kan dutsen da ruwa ke shanyewa kullum

Ina wannan dutse yake, kuma me ya sa matuƙa jirgi ke tsoronsa?

Yana cikin Tekun Arewa, kimanin kilomita 18 daga garin Arbroath a gabashin Sikotland. Ana kuma kiransa Inchcape. Matsalarsa ita ce ba a ganinsa. Sau biyu a rana ruwan teku yakan cika ya rufe shi ruf, sai ya janye sannan kansa ya fito na ɗan lokaci. Ga shi kuma a kan hanyar jiragen da ke nufin Dundee da Edinburgh, don haka ya ci jirage ba adadi. Ɓatan jirgin yaƙi HMS York da duk mutanen cikinsa a 1804 ya taimaka wajen sa majalisar Birtaniya ta yarda a yi ginin.

Daga ina sunan ya samo asali?

Bell Rock na nufin dutsen ƙararrawa da Turanci. Almara ce: wai wani shugaban gidan ibada na Arbroath ya ɗaure ƙararrawa a wurin don igiyar ruwa ta riƙa kaɗa ta, wani ɗan fashin teku ya cire.

Su wa suka gina ta?

Hukumar fitilun teku ta arewa ce ta ba da aikin. John Rennie ne babban injiniya, Robert Stevenson kuma shi ya tsaya a kan aikin da kansa. An fara a Agustan 1807, aka kunna fitila ranar 1 ga Fabrairu 1811.

To yaya ake gini a wurin da ruwa ke rufewa?

Nan wahalar take. Da bazara kawai ake aiki, kuma da farko sa'a biyu ko ɗan fiye ake samu kafin ruwa ya dawo. Magina suna kwana a jirgi, su tuƙo kwale-kwale zuwa dutsen, su kwashe ruwan ramin tushe da famfo, sannan su soma sara. Maƙerin da ke wasa musu kayan aiki yakan tsaya ruwa har gwiwa, wani lokaci ruwan ya kashe masa wutar maƙera yana tsaka da ƙira. Daga baya suka kafa gidan katako a kan dogayen ƙafafu kusa da ginin, suka koma kwana a can, aikin ya yi sauri.

Duwatsun ba a wurin aka sassaƙa su ba. A Arbroath ake gyara mafi yawansu, a gwada jera su, sannan a yi lodi. Doki guda mai suna Bassey ne ya ja su zuwa bakin ruwa. An yanka kowane dutse yadda zai shige cikin na kusa da shi ya kulle, aka kuma kafe shi da na ƙasansa da turakun katako, domin ruwa zai rufe shi kafin kwaɓin ya kama. Idan ba a yi haka ba, igiyar ruwa ta dare ɗaya ta isa ta ɗaga dutsen ta yar.

Me ya hana ta faɗuwa har yau?

Siffarta da nauyinta. Tsayinta mita 35, faɗin gindinta kusan mita 13, kuma mita 9 na farko dutse ne zalla, babu ɗaki a ciki. Gindin ya baje yana tsukewa a hankali kamar kututturen kuka, sai ƙarfin ruwan ya hau jikinta ya watse maimakon ya doke ta gaba da gaba. Fiye da shekara 200 ke nan ba a sake duwatsun ba, kuma ana ɗaukar ta a matsayin mafi tsufa cikin hasumiyoyin fitila da ke tsaye har yau waɗanda ruwan teku ke dukan jikinsu kai tsaye.

Yaya masu gadi suke sadarwa da gari?

A 1813 aka gina hasumiyar ishara a Arbroath. A wancan lokaci, kullum masu gadin fitilar a Bell Rock sukan ɗaga ƙwallo a kan sanda, alamar lafiya lau. In aka duba daga Arbroath da madubin hangen nesa rana garau ba a ga ƙwallon ba, sai a tura jirgi. Fitilar farko tana juyawa ne tana ba da haske fari da ja, don kada a rikita ta da wata.

Akwai mutane a ciki yanzu?

Babu. Tun 1988 take aiki da kanta, hasumiyar ishara kuma ta zama gidan tarihi.