Waiwaye: Yadda birnin Magdeburg ya zama toka a 1631

Magdeburg birni ne na fatauci a bakin kogin Elbe a ƙasar Jamus, kuma tun 1524, shekarar da Martin Luther, jagoran Furotesta masu ɓallewa daga cocin Katolika, ya yi wa'azi a cikinsa, mutanensa suka rungumi tafarkin Furotesta. Sun yi suna wajen taurin kai a kan aƙidarsu, domin sun bijire wa umarnin da Sarki Charles na Biyar, mai daular da ta haɗa ƙasashen Jamus, ya bayar a 1548 game da addini, aka yi musu ƙawanya daga 1550 zuwa 1551, suka fita da addininsu a hannu. A 1629 ma babban kwamandan sarki, Wallenstein, ya tsare birnin, ya tashi bai samu biyan buƙata ba. A ganina wannan tarihi ne ya sa suka amince da ganuwarsu fiye da kima.

A lokacin, Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya ɓarke a 1618, ya riga ya yi nisa. Sarki Ferdinand na Biyu, ɗan Katolika, ya ba da doka a 1629 cewa a mayar wa cocinsa duk kadarorin da Furotesta suka karɓe bayan 1552, kuma Magdeburg na cikin wuraren da dokar ta shafa. Saboda haka da Sarkin Suwidin, Gustavus Adolphus, ɗan Furotesta, ya sauka a arewacin Jamus a 1630, birnin ya yi gaggawar ƙulla ƙawance da shi, alhali manyan sarakunan Furotesta na Saxony da Brandenburg suna ta jan ƙafa. Ya aiko musu da kwamanda, Dietrich von Falkenberg, tare da alkawarin agaji, sai dai rundunarsa ba ta iso ba, domin waɗannan sarakuna biyu ba su buɗe masa hanya a kan lokaci ba.

Da safiyar 20 ga Mayu, 1631, majalisar gari tana zaune tana muhawara a kan ko a miƙa wuya ga Janar Tilly, kwamandan rundunar Sarki Ferdinand da ta yi wa birnin ƙawanya, sai dakarun Pappenheim, ɗaya daga cikin kwamandojinsa, suka haura ganuwa. Falkenberg ya fita tare su, aka kashe shi. Sojojin da suka shigo galibinsu 'yan haya ne, sun daɗe da yunwa da rashin albashi, kuma al'adar yaƙi ta zamanin ta halatta musu ganimar duk garin da aka ci da ƙarfi. Suka bi gida gida suna ƙwace da kisa da keta haddin mata, sannan gobara ta tashi, iska ta kaɗa ta, kafin dare mafi yawan birnin ya ƙone. Kowane ɓangare ya ɗora wa ɗaya laifin wutar. Kimanin mutum 20,000 ne suka hallaka, gawarwaki suka yi yawan da sai a cikin kogin Elbe aka riƙa zuba su. Wajen mutum 1,000 sun kulle kansu a babban coci, sai da limaminsu Reinhard Bake ya durƙusa gaban Tilly yana roƙo kafin aka bar su da rai.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne laƙabin da aka yi wa ta'asar, wato auren Magdeburg, saboda tambarin birnin hoton budurwa ne riƙe da kambi, aka ce an aurar da ita ga Tilly.

Tilly bai ci ribar komai ba, tunda garin da yake fatan ya ciyar da rundunarsa ya ƙone. Labarin ya bazu a takardun da aka riƙa bugawa, Saxony ta koma bayan Suwidin, kuma a Satumba 1631 aka murƙushe Tilly a yaƙin Breitenfeld. Da aka yi ƙidaya a Magdeburg a 1632, mutum 449 kawai aka samu.