Doron duniyar Mekuri

Mekuri ita ce duniya mafi kusa da rana, kuma mafi ƙanƙanta cikin duniyoyi takwas da ke kewaya ta. Faɗinta kusan kilomita 4,880 ne. Doronta dutse ne zalla, ruwan toka, cike da ramuka kamar fuskar wata. Ba ta da iskar kirki, balle ruwan sama da zai zaizaye ƙasa, don haka ramin da wani dutse ya faɗo daga sarari ya haƙa shekaru biliyoyi da suka wuce yana nan har yau.

Ramuka da filaye

Ramin da ya fi shahara shi ne Caloris, mai faɗin kimanin kilomita 1,550, tsaunuka sun yi masa zobe. Ana kyautata zaton ya samu ne shekaru biliyan 3.8 zuwa 3.9 da suka wuce. Daga baya narkakken dutse ya malalo ya shafe cikinsa, kamar yadda ya shimfiɗa manyan filayen arewacin duniyar. Daidai bayan Caloris, a ɗaya gefen Mekuri, akwai wani yanki na tuddai da kwaruruka a hargitse. Wasu masana sun ce girgizar karon ce ta ratsa ta haɗu a can, wasu sun ce tarkacen da ya yi sama ne ya zubo.

Gangare

Abin da ya fi raba Mekuri da wata shi ne dogayen gangaren da suka keta ta. Da cikinta ya riƙa hucewa sai ta tsuke, ɓawonta ya tattare, wani sashe ya hau kan wani. Enterprise Rupes, mafi tsawo a cikinsu, ya kai kusan kilomita 1,000. Gangaren sukan raba rami gida biyu, shaidar cewa ramin ya riga su samuwa.

Ƙanƙara

Da rana zafi yakan kai digiri 430, amma akwai ƙanƙara a ƙasan wasu ramuka na ƙuryar arewa da kudu, inda hasken rana bai taɓa sauka ba.

Bincike

Kumbon Mariner 10 na Amurka ya gifta ta sau uku a 1974 da 1975, ya ɗauko hoton ƙasa da rabin doronta. Sauran sai da kumbon MESSENGER na Amurka ya gifta ta a 2008 da 2009, sannan ya shiga kewaya ta a 2011, aka gani, kuma a kanta ya ƙare: man sa ya ƙare, ya faɗi a watan Afrilu na 2015. An harba kumbon BepiColombo, na Turai da Japan, zuwa Mekuri a 2018.