Harajin shigo da kaya da siyasar iyaka a Katsina

Harajin shigo da kaya shi ne kuɗin da hukumar kwastam ke karɓa a kan kayan da aka kawo daga wata ƙasa. A Jihar Katsina, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta Jibiya da kuma Kongolam a ƙaramar hukumar Mai'adua, maganarsa ba ta tsaya a ofishin kwastam ba. Tana shiga farashin kwanon shinkafa, daga nan kuma ta hau dandalin yaƙin neman zaɓe.

Iyakar kanta Turawan Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, suka raba dangi guda. Masarautar Maraɗi zuriyar sarakunan Haɓen Katsina ce da suka bar birnin bayan jihadi, shi ya sa har yau sarkin Maraɗi sarautar Sarkin Katsina yake riƙe da ita. Mutumin Jibiya da ke da ƙanwa a aure a Ɗan Isa ta Nijar bai cika ɗaukar zuwa can a matsayin fita waje ba.

Shinkafa ce ta fi kowane kaya jawo rigima. A 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kai harajinta kashi 110 cikin 100, don a tilasta noma ta a gida. Abin da ya biyo baya sananne ne: shinkafar Tailan da Indiya ta riƙa sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin, ta biyo ta Nijar, ta shigo ta ɓarauniyar hanya. Babur ɗaya kan ɗauki buhu biyu ko uku, ya ratsa gonaki cikin dare ba fitila.

Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya ƙara ɗaure abin. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da shinkafa dala a farashin gwamnati, a 2016 aka haramta shigo da ita ta iyakokin ƙasa, sannan a watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin. A Nuwambar shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, lamarin da ya sa mazauna garuruwan bakin iyaka suka koma sayen mai a galan da tsada. An buɗe iyakar Illela a Sakkwato da ta Maigatari a Jigawa a Disambar 2020, amma Jibiya sai a Afrilun 2022. Mutanen yankin sun daɗe suna cewa ɗansu ne ya fi ƙuntata musu, wasu kuma na ganin ya yi haka ne don kada a ce ya yi son kai.

Ra'ayi ya rabu ne bisa sana'a. Manomin shinkafa da mai injin casa sun ci moriyar rufewar, don 'yar gida ta yi daraja. Direba, ɗan dako, mai canjin sefa da magidanci mai sayen awo su suka ji jiki. Sau da yawa duk a gida ɗaya suke, wanda hakan ya sa 'yan siyasa ke taka maganar da hankali.

Atiku Abubakar na PDP ya yi alƙawarin buɗe iyakoki a yaƙin neman zaɓen 2023, kuma ya ci Katsina da ƙuri'a 489,045, Bola Tinubu na APC ya samu 482,283. Rashin tsaro da ƙarancin takardun naira suna cikin dalilan, don haka ba za a jingina sakamakon ga iyaka kaɗai ba. Makonni uku bayan haka Dikko Umaru Radda na APC ya lashe kujerar gwamna.

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya sake rufe hanyar saboda takunkumin ECOWAS, kuma sanatocin Arewa sun fito sun ƙi amincewa da amfani da ƙarfin soja. An buɗe ta ɓangaren Najeriya a Maris 2024. A Yulin shekarar, ana cikin tsadar abinci, gwamnatin Tinubu ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. A 2025 farashin hatsi ya sauko, sai kukan ya koma wajen manoma, waɗanda suka sayi taki da tsada suka sayar da amfani da araha. Da wannan saɓanin ake tunkarar babban zaɓen 2027, a daidai lokacin da Nijar ta riga ta fice daga ECOWAS tun Janairun 2025.