Targaɗe ba gocewar ƙashi ba ne

A Maradi, da zarar yaro ya turguɗe ƙafa wajen ƙwallo ko kokowa, ko ɗan kabu-kabu ya dira ba daidai ba, sai ka ji ana cewa ƙashi ya goce, a kai shi a ja masa. Abin nan yana damuna, don galibi ƙashin yana nan inda yake.

Abin da ya ji ciwo jijiyoyi ne masu ƙarfi da suka ɗaure ƙashi da ƙashi a idon sawu. Idan tafin ƙafa ya lanƙwashe ciki, na gefen waje ne suke miƙewa fiye da ƙima, wani lokaci su yage. Jini ya taru, wurin ya kumbura, ya yi duhu. To, abin da ya riga ya yage, jan sa da murza shi da ruwan zafi ƙara yaga shi ne. Na ga ƙafar da aka murza da yamma, da safe takalmi ya ƙi shiga.

Kwana 2 na farko a huta, a ɗora ƙafar bisa matashi. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba. Zafi ya lafa, a fara taka ta a hankali.

Amma wanda ya kasa yin taku 4, ko ƙashin idon sawun ne ke zafi in an danna, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi, domin karaya takan ɓuya a bayan kumburi.