Dutsen yana lambunka, amma ba ka da ikon taɓa shi

A shekarun 1760 wani attajiri a Ingila, Thomas Dummer, ya sa aka kwashe wani ɓangare na kangon gidan ibadar Netley, wanda aka kafa a 1239, aka kai gandunsa na Cranbury Park aka sake jera duwatsun don ƙawa. Babu wanda ya ce masa uffan, domin a lokacin babu dokar da ta hana. Yau kuwa wanda ya gaji irin wannan kango bai isa ya ɗaga dutse ɗaya ba sai da izini.

Dokoki biyu ne ke aiki. Ta 1979 tana kare wuraren tarihi da gwamnati ta yi wa rajista, kuma izinin taɓa su daga minista yake fitowa, ta hannun hukumar Historic England. Ta 1990 tana kula da gine-ginen da aka sa a jerin kariya, su kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izini. Wanda ya rushe ko ya sauya ba tare da izini ba, ana iya ɗaure shi har shekara biyu, ko a ci shi tarar da ba ta da iyaka. Cewa "ban sani ba" ba ya fitar da mutum a ƙarƙashin ta 1990.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne harabar gida. Idan babban gidan yana cikin jerin, ginin da ke harabarsa tun kafin 1 ga Yulin 1948 ana lissafa shi da gidan, ko da ba a rubuta sunansa ba. Ke nan dutsen da aka kwaso daga wani wuri, a inda yake yanzu doka ke tsaronsa. Ko mayar da shi asalinsa kake so, sai ka nemi izini, abin da ni kam nake ganin akwai ban dariya a ciki.

To, me ake kira gini? A 2020 Kotun Ƙolin Birtaniya ta saurari ƙarar wani da ya sayar da manyan tulunan ado biyu na lambunsa. Ta ce sa abu a jerin bai mayar da shi gini ba: a duba girmansa, daɗewarsa a wurin, da yadda ya kafu a ƙasa. Ƙofar dutse mai harsashi a ƙasa, da wannan awo da wuya a ce ba gini ba ce.