Ba sanyi ne ke koro su ba

An daɗe ana cewa tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu da ke cika fadamun Hadeja da Nguru sanyin Turai ne ya koro su. Ba haka ba ne. Tun a watan Yuli da Agusta manyansu ke barin arewacin Turai da yankin Sibiriya na ƙasar Rasha, ƙanƙara ba ta ma sauka ba. Sun gama ƙyanƙyasa, rana ta fara gajarta, ƙwarin da suke ci sun kusa ƙarewa. Abinci suke bi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne 'ya'yan. Sai bayan makonni suke tasowa, ba uwa ba uba, su keta Sahara har su sauka bakin Tafkin Chadi.